Kwamin da Ya Riƙa Toshewa: Nazarin Wani Gida da Na'urar Markaɗa Sharar Abinci

## Gidan da na'urar

Mutum shida ne a gidan: maigida, uwargida, yara uku da kakarsu. Ana ɗora tukunya sau biyu a rana, ranakun hutu har sau uku. Gidan haya ne, kuma da suka tare sun tarar da kwamin wanke-wanke mai baki biyu a kicin, an ɗaura na'urar markaɗa sharar abinci a ƙarƙashin bakin hagu. Babu wanda ya taɓa amfani da irinta a cikinsu. Mai gidan hayar ya nuna musu makunninta a jikin bango, ya ce a buɗe famfo kafin a kunna. Iyakar bayanin ke nan. Takardar da ke zuwa da na'urar kuwa ta bi waɗanda suka tashi.

Na'urar ƙarama ce, injinta mai rabin ƙarfin doki, wato wajen wat 370. Na gidaje suna farawa daga sulusin ƙarfin doki su kai ɗaya cikakke, tasu ke nan tana cikin na ƙasa-ƙasa. Mutanen gidan sun ɗauka akwai wuƙaƙe a ciki, kamar yadda yawancin mutane ke ɗauka. Babu wuƙa ko ɗaya. Faifan ƙarfe ne a kwance, da wasu ƙarafa biyu masu dakusasshen baki da ke lilo a kansa. Idan aka kunna, faifan yana juyawa fiye da sau 1,400 a minti, ya watsa abin da aka zuba zuwa gefe, ƙarafan nan su riƙa danna shi a jikin wani zobe mai haƙora da ramuka wanda ba ya motsi, kamar ana goga abu a magogi. Abin da ya ƙanƙance har ya iya bi ta ramukan, ruwa ne ke tafiya da shi.

Daga nan sai bututu. Na'urar tana fitarwa ta wani gajeren bututu da ke haɗuwa da na bakin dama a mahaɗa guda, sannan a gangara zuwa lanƙwasar nan da ke riƙe ruwa don kada warin magudana ya dawo kicin. Faɗin bututun inci ɗaya da rabi ne, wajen milimita 40. Bayan lanƙwasar akwai bututun roba a kwance, tsawonsa kusan mita 3, da ya bi ta bayan kabad kafin ya faɗa babban bututun gidan. A lokacin babu wanda ya san da zamansa.

## Wata na 1 zuwa na 3: komai a zuba

Cikin mako guda na'urar ta zame musu jiki. Kwandon shara ya daina wari, an huta da fitar da leda mai ɗigar ruwa kowane dare. Duk farantin da aka gama da shi, a kankare shi kai tsaye cikin kwami. Uwargida takan fere dankali da karas a cikin kwamin, ɓawon ya taru, in ta gama ta tura shi gaba ɗaya ta kunna. Maigida yana juye guggubin kofinsa a ciki kowace safiya. Ɓawon ƙwai ma da gangan ake sakawa, don wani abokin aikinsa ya gaya masa yana wasa wuƙaƙen. Kaskon da aka soya nama a ciki kuwa, sai a sakar masa ruwan zafi da sabulu, maiƙon ya narke ya bi rami, a ga kasko ya yi fes.

Akwai kuma yadda ake kashewa. Yaran da ke wanke-wanke sukan buɗe famfo ɗan siriri don kada ruwa ya fantsama musu, kuma da zarar ƙarar markaɗe ta lafa sai su kashe na'ura da famfo a tare.

Alamu sun fara tun wajen mako na takwas. Kwamin yakan yi gurnani bayan ruwa ya wuce. Idan na'urar na aiki, ruwa yakan leƙo a bakin dama, ya taso kamar tsawon ɗan yatsa, ya koma. Da safe akwai ɗan tsami-tsami a kicin. An jefa ɓawon lemo, ƙamshinsa ya rufe warin na yini ɗaya, aka manta da zancen.

## Wata na 4: toshewar farko

Ranar da za su yi baƙi aka fere dankali wajen kilo 2. Ɓawon ya shiga a zubi ɗaya, aka bi shi da ragowar shinkafar jiya cikin kwano. Na'urar ta markaɗe duka ba gardama, muryarta ko canzawa ba ta yi ba. Sai dai ruwan bai tafi ba. Ya taso a bakin dama fari-fari, da ɗigo-ɗigon ɓawo a samansa, ya cika kwamin har rabi ya tsaya.

Maigida ya ɗauko robar nan mai sanda da ake zuƙo toshewa da ita. Ya yi ta dannawa a bakin dama, ruwan sai dai ya yi tsalle a bakin hagu, don bakunan biyu a haɗe suke, duk ƙarfin da ya danna ta can yake fita. Da aka cusa jiƙaƙƙen tsumma aka danne ɗaya bakin, ya sake gwadawa, sai ruwan ya zurare. Amma daga ranar kwamin bai koma yadda yake ba. Cikinsa guda, da a da yake wucewa kafin a juya baya, yanzu sai an tsaya jiransa.

## Abin da aka gwada tsakanin wata na 4 da na 5

Tafasasshen ruwa aka fara da shi, buta biyu a jere. Ranar an ga sauƙi, kwana uku bayan haka abin ya fi da muni. Kitsen dabba, irin na naman sa, yana narkewa ne wajen digiri 40 zuwa 50 a ma'aunin Salsiyos, saboda haka ruwan zafin ya narkar da wanda ke kusa, ya kai shi gaba inda bututun ke da sanyi, ya sake daskarewa a inda hannu ba ya kaiwa. Ga kuma sitaci. Ɗanyen sitacin dankali yana kumbura ya yi danƙo idan zafi ya kai wajen digiri 60, ke nan ruwan ya dafa abin da ya kwanta a bututun ne. Shi kansa bututun roba irin na magudana ba a yi shi don zafin da ya wuce wajen digiri 60 ba, yawan tafasasshen ruwa yana sa shi laushi.

Sai aka koma bekin soda da ruwan khal. Ya yi kumfa, ya yi shuu, yara suka taru kallo. Haɗin nan biyu kashe juna suke yi, abin da ke saura iska ce da ruwa mai ɗan gishiri, iskar kuma ta sama take fita tunda bakin kwami a buɗe yake. Ko gezau toshewar ba ta yi ba.

Na uku shi ne ruwan buɗe magudana na kwalba, mai soda mai ƙuna. Masu ƙera waɗannan na'urori suna hana zuba shi, don yana iya cin robobi da sassan ciki, amma babu takarda a gidan da za ta faɗa musu. An zuba rabin kwalba aka bar shi ya kwana. Ya huda ɗan rami a tsakiyar abin da ya taru, ruwa ya riƙa wucewa na kusan mako biyu, sannan ramin ya sake rufewa. Sauran rabin aka zuba, wannan karon ya tsaya a lanƙwasar bututun tare da ruwan da ya ƙi tafiya.

Ƙanƙara ma an jefa, hannu guda, da ƙarin ɓawon ƙwai, duk dai don a wasa wuƙaƙen da babu su.

## Wata na 5: na'urar ta cije

Wani maraice aka kunna, sai ta yi gunji ƙasa-ƙasa ba ta juya ba, bayan 'yan daƙiƙu ta yi tsit. An ɗauka ta ƙone. Ashe kariyarta ce ta yanke wuta: idan faifan ya maƙale inji ya ɗau zafi, akwai wani ɗan madanni a gindinta, galibi ja, da ke fitowa ya katse lantarki.

Wani maƙwabci da ya saba da irinta ne ya zo. Ya fara zare filogi daga soket. Ya kwanta a ƙarƙashin kwamin da ɗan makullin ƙarfe mai kusurwa shida, ya zura shi a ramin da ke tsakiyar gindin na'urar, ya riƙa murɗawa gaba da baya har faifan ya saki ya zagaya. Sannan ya haska tocila ta sama, ya sa matsefi mai dogon baki, bai sa hannu ba. Abin da ya fito: rabin ƙwallon fiya da ya soke tsakanin ƙarfe da zobe, da dunƙulen zaren ɓawon masara da na seleri (wani kayan lambu mai zare a sandarsa) da ya nannaɗe gindin ƙarafan har ɗaya ya daina lilo, da 'yan lambobin roba biyu irin waɗanda ake mannawa a jikin 'ya'yan itace. Su waɗannan lambobi ba sa markaɗuwa, ba sa ruɓewa, sai dai su liƙe a ramukan zoben. Bayan injin ya huce aka danna jan madannin, ta tashi lafiya lau.

Ta tashi, amma ruwa yana nan yana jan ƙafa. Daga nan maigida ya yanke cewa na'urar ta yi wa gidan kaɗan, ya fara maganar mai gidan haya ya sauya ta da mai ƙarfin doki ɗaya.

## Wata na 6: an buɗe bututu

Mai gidan hayar ya turo mai gyaran famfo ya duba kafin a sayi komai. Tambayarsa ta farko ita ce ko an zuba wani magani a ciki, da aka ce masa an zuba, ya sa safar hannu da tabarau kafin ya taɓa noti ko ɗaya. Ruwan da ke kwance a lanƙwasa idan da soda a ciki yana ƙona fata, a ido kuwa ba a magana.

Ya kwance mahaɗar da farko. A cikinta akwai wani ɗan shinge da aka sa don ya karkata ruwan na'ura ƙasa kada ya haye ɗaya bakin, kuma shingen yana rage faɗin hanyar. A nan ɓawon dankali da na albasa suka jeru, sirara, wasu ma ba su markaɗu ba, sun sulale ta gefen zoben a kwance. Lanƙwasar kuwa da ya juye ta a bokiti, ƙasanta wani baƙin laka ne mai tsakuwa-tsakuwa: guggubin kofi da garin ɓawon ƙwai, masu nauyi, waɗanda siririn ruwa ba ya iya ɗagawa ya haye da su.

Babban abin yana can bayan kabad. Ya zura wayar ƙarfe mai murɗawa, ta tafi kamar mita ɗaya da rabi ta cije. Da ya cire allon ƙasan kabad ɗin, sai ga bututun ya yi ciki a tsakiya, maratayin da ke riƙe shi ya ɓalle. Bututun magudana irin wannan ana so ya riƙa gangarawa wajen santimita 2 a kowace mita. Wannan ya gangara, ya lotsa, ya sake hawa kaɗan, saboda haka kullum akwai ruwa kwance a tsakiyarsa. Ya yanke wurin ya nuna wa uwargida bakin. Jikin bututun ta ciki ya yi kauri da wani farin abu mai tauri, maiƙo ne da sabulu, ana kankararsa da sukudireba yana ɓarewa ɓangare-ɓangare. A cikinsa kofi da ɓawon ƙwai sun nutse, sannan danƙon sitaci da ƙwayoyin shinkafa sun cike tsakiya. Hanyar da ta rage wa ruwa ba ta kai kaurin ɗan yatsa ba.

Ya sauya guntun bututun, ya sa maratayi biyu, ya daidaita gangaren, ya wanke sauran da waya. Na'urar kuma ya duba ta ya ce lafiyarta ƙalau, ba ta buƙatar sauyi. Ya ciro robar da ke bakinta, mai hana fantsama, ya juya ta: ƙasanta ya yi baƙi da wani yauƙi. Yawancin warin safiya daga nan yake fitowa.

## Tsarin da aka koma

An ajiye gwangwani mai murfi kusa da murhu. Duk man suya da kitsen da ya rage a kasko, a bar shi ya huce a juye a ciki, a goge kaskon da takarda kafin ya ga ruwa. Wannan ita ce dokar da ba ta da sassauci, ko da cokali ɗaya ne, ko da ruwan zafi da sabulu. Romon da ya yi maiƙo a sama ma sai an yaye shi.

Fere-fere ya koma kan faranti, ɓawon ya tafi kwandon shara ko ramin taki. Ɓawon dankali, na albasa, na ayaba, na masara da gemunta, da sandunan seleri, duk an sallame su daga kwami. Haka manyan ƙasusuwa da ƙwallayen 'ya'yan itace masu tauri. Shinkafa da taliya, abin da ya maƙale a faranti bayan an kankare shi a kwando ba laifi, amma ba a juye kwano guda, don suna ci gaba da shan ruwa suna kumbura bayan an markaɗe su. Guggubin kofi ya koma taki, ɓawon ƙwai ya bi shi. A kan kofin an ɗan ja, maigida yana ganin ai gari ne, me zai toshe, har aka tuna masa bokitin.

Abin da ya rage wa na'urar ba kaɗan ba ne: guntayen dafaffen kayan lambu, 'ya'yan itace masu laushi da suka fara lalacewa, ɓurɓushin burodi, 'yan tsokar nama da kifi marasa kitse da suka rage a faranti, ƙananan ƙayoyin kifi, ɓawon lemo idan an yayyanka shi. Wato jiƙaƙƙen saura da ke sa kwandon shara wari.

Yadda ake kunnawa ma ya sauya. A buɗe ruwan sanyi sosai tukuna, sannan na'ura, sannan a riƙa turawa kaɗan-kaɗan, hannu guda a lokaci ɗaya. Sanyin yana da dalili: ɗan maiƙon da ba a rasa ba a jikin abinci yana zama a daskare, ya farfashe ya wuce da ruwa, maimakon ya narke ya shafe bututu. In ƙarar ta koma ta inji zalla, a kashe na'ura, a bar famfo yana zuba aƙalla daƙiƙa 15. An ce wa yaran su ƙirga ashirin a hankali. Sau ɗaya a mako kuma a toshe kwamin, a cika shi da ruwa, a zare marufi a kunna na'ura, ruwan ya tafi da ƙarfi ya cika bututun baki da baki. Robar bakin ana wanke ta da tsohon burushin haƙori. Ƙanƙara an ci gaba da jefawa jefi-jefi, tana kankare abin da ya liƙe a cikin na'urar, iyakar aikinta ke nan.

## Wata na 7 zuwa na 12

Gurnanin ya ɗauke tun ranar gyara, ruwa ya daina leƙowa a bakin dama. Warin ya tafi cikin mako guda da fara wanke robar.

Sau ɗaya aka samu koma-baya, a wata na 9. Wata baƙuwa da ke taya wanke-wanke ta juye rabin tukunyar taliya a ciki da siririn ruwa. Kwamin ya tsaya cik. Wannan karon ba a taɓa ruwan zafi ko magani ba. An sa bokiti, an kwance lanƙwasar da hannu, taliyar tana nan dunƙule a wuri guda, aka zubar aka mayar. Bututun baya bai kama komai ba.

A wata na 12 an sake buɗe lanƙwasar don dubawa. Ɗan santsi ne kawai a jikinta, wanda tsumma ya share. Na'urar ita ce dai ta farko, ba ta sake cijewa ba.

## Hukunci

Cikin duk matsalolin gidan nan, ɗaya ce kawai ta na'urar, wato cijewar wata na 5, ita ma ƙwallon fiya da zare ne suka jawo ta. Sauran duk a bututu suka faru. Na'urar ta markaɗe ɓawon dankali kilo 2 da aka fere ba ta nuna gajiya ba, kuma wannan ne ya ruɗe su: kunne yana jin an markaɗe, sai a ɗauka an gama. A ganina da an sayi mai ƙarfin doki ɗaya, da ƙwallon fiyar wataƙila ya wuce, da markaɗen ya fi laushi, amma maiƙon da ke kwance a lotsattsen bututu bai san ƙarfin inji ba, kuma da sun ƙara samun ƙwarin gwiwar zuba abin da ya fi haka.

Idan za a jera laifi, maiƙo ne a gaba. Shi ya shafe bututun ya ba sauran abin kamawa. Lotsawar bututu ta biyu, don ita ta ba shi wurin kwanciya ya huce. Ƙarancin ruwa na uku. Dankali da shinkafa su suka rufe ƙofar a ranar baƙi, amma sun tarar da ita a kusan rufe.

Wannan ne ma ya sa ake jin magana biyu a kan abu ɗaya. Wasu masu ƙera na'urorin suna cewa ƙananan ƙasusuwa, ɓawon ƙwai da guggubin kofi duk ba matsala, musamman a manyan na'urori masu markaɗe hawa biyu ko uku. Masu gyaran famfo da yawa suna cewa kada a kuskura. Na farkon suna magana ne a kan abin da zoben zai iya murƙushewa, na biyun a kan abin da suke tonowa daga bututu. A gidan da bututunsa gajere ne, gangarensa daidai, ba a zuba mai, ana sakin ruwa sosai, ɓawon ƙwai biyu da safe ba zai hana kowa barci ba. A wannan gidan na mutum shida da mita 3 na bututu a kwance, cire su da aka yi ya dace, ko bayan gyara. Maiƙo ne kaɗai ban ga gidan da za a yi masa rangwame ba. A 2017 an tono wani dunƙulen kitse da tsummokin goge jiki a magudanar unguwar Whitechapel a Landan, tsawonsa wajen mita 250, nauyinsa kusan tan 130, a cikin magudanar da mutum ke iya shiga.

Tun da John W. Hammes ya ƙirƙiro na'urar a garin Racine na jihar Wisconsin a Amurka a 1927, gardamar da hukumomi suka yi a kanta ta abin da ke gaba da ita ce. Birnin New York ya hana sa ta a yawancin unguwanninsa shekaru da dama saboda tsoron abin da za ta ƙara wa magudanan birnin, sai a 1997 ya janye hanin. Gidan da muka bi yana haɗe da magudanar gari. Wanda ruwansa ke tafiya sokawe, jerin abin da zai zuba ya kamata ya fi wannan gajarta, don duk abin da aka markaɗa a tankin yake kwanciya, kuma zai riƙa kiran motar kwashewa fiye da yadda ya saba.